Wilf Karta da Danƙin Tudu

A Coldrigg, garinmu na masu haƙar kwal, ba wanda ke kiran Wilf Teasdale da sunan gidansu. Wilf Karta ake ce masa, mutumin da bai taɓa riƙe karta ba tun da aka haife shi. Uwarsa 'yar coci ce ta gidi, irin waɗanda ke ganin karta da giya ƙofar wuta ɗaya suke bi. Allah ya rufa mata asiri ta rasu kafin sunan ya bi ɗanta.

Daga bakinsa sunan ya fito. Akwai maganar da mutanenmu ke yi idan mutum ya shiga abin da aka riga aka gama shirya faɗuwarsa a ciki, sai a ce an tsara masa karta. Wato tun kafin ya ja kujera ya zauna, wani ya jera kartar yadda duk ta banza za ta faɗo hannunsa, ta kirki ta tafi wajen wani. A raba a gaban idonsa, ya ga kamar an yi gaskiya, ya buga iyakar iyawarsa, a cinye shi tas. Kowa yakan faɗi maganar nan sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa. Wilf kuwa ya ɗauke ta aiki, kowace Asabar daga Afrilu zuwa Satumba, shekara talatin da takwas.

Abin haushin shi ne, wuraren da maganar ta dace da shi ba su ƙirguwa, amma ko sau ɗaya bai faɗe ta a can ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu malaminsu ya tako har gida ya ce yaron nan yana da kai, a bar shi ya ci gaba da karatu. Uban ya ce ya ji ya gode, ranar Litinin ya miƙa wa Wilf takalmin rami. Ya sauka haƙar kwal, bai fito ba sai bayan shekara arba'in da uku, ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likitan hukuma ya saurari ƙirjin ya ce ba ƙurar rami ba ce, taba ce, alhali Wilf bai taɓa sa kara ɗaya a baki ba. Ya maɓalle rigarsa ya ce, "Na gode, likita." Ran da aka rufe ramin gaba ɗaya, manyan maza suna kuka a bakin ƙofa, shi ya dawo gida ya tambayi matarsa Mavis ko akwai sauran shayi. Duk waɗannan a wajensa haka duniya take. Zalunci ɗaya tak ya san an yi masa, kuma a kan tantabaru aka yi shi.

A shekarar 1951 ne ƙungiyar masu tseren tantabaru ta samu filaye goma sha biyu na gina ɗakunan tsuntsaye. Goma sha ɗaya suna jere a kudancin Tudu, wato tulin baƙar ƙasar da aka yi ta zubarwa daga rami har ta fi hasumiyar coci tsawo. Na goma sha biyu yana can baya, a arewa, shi kaɗai. Aka rubuta lambobi aka zuba a hular sakatare, kowa ya sa hannu ya ɗauka. Wilf ne ƙarami a ƙungiyar, shi aka bari ƙarshe, takarda ɗaya ta rage masa. Fili mafi kyau kuwa, wanda ke kallon kudu ba abin da ya tare shi, ya faɗa hannun Ossie Bainbridge, abokin aikinsa a rami. Sakataren kawun Ossie ne.

To daga kudu ake sako tsuntsaye. Ranar Juma'a kowa ya kai nasa a kwando, a sa wa kowane zoben roba a ƙafa, mota ta tafi da su. Asabar da safe a sake su, kowa ya tsaya a ƙofar ɗakinsa yana kallon sama. Tsuntsu na shiga ɗaki ka cafke shi, ka zare zoben ka jefa a agogon da ƙungiya ta hatimce, ka buga lokaci. Tsuntsayen Coldrigg tare suke zuwa, na Ossie su faɗa ɗaki, na Wilf kuwa sai sun kewaye Tudu, don tantabara da ta gaji ba ta haye abin da za ta iya zagayawa. An auna, an sake aunawa: minti uku Tudu ke ci.

Gaskiya ce, kuma ban taɓa jin wanda ya musa ba. Sai dai Wilf ba da minti uku yake faɗuwa ba. Da rabin awa yake faɗuwa, wani lokaci sai an gama buɗe agogo ana shirin tashi nasa na farko zai iso. Sauran minti ashirin da bakwai ɗin ba wanda ya tambaye shi inda suke zuwa, domin ana son sa.

Tsuntsayensa kuwa ba su san wahalar duniya ba. Bayan ya auna musu tsaba daidai da ta kowa, sai ya sake zura hannu a gwangwani ya ɗebo danƙi guda ya watsa musu. Wannan shi yake kira danƙin Tudu.

"Bayin Allah," yakan ce. "Na wasu suna hutawa, ku kuna zagaye. Ku ci."

Su kuwa ba sa musu. Akwai wani shuɗin namiji da ya raɗa wa Kansila, saboda yadda yake tura ƙirji gaba yana tafiya kamar zai buɗe taro. Idan Ossie ya kewayo hira ranar Lahadi sai ya leƙa ta waya ya girgiza kai.

"Wilf, tantabaru ne waɗannan ko agwagi? Ka ajiye min wancan shuɗin, Kirsimeti ta kusa."

"Yi dariyarka, ɗan lelen kawu. Da hular kawuna ce, da ni ke dariya."

"Kai dai ka rage musu tsaba."

"In rage wa wanda aka zalunta abinci? To ai ka ji irin tunanin mutanen kudu."

Mutanen kudu, ka ji, alhali tsakaninsu tafiyar minti goma sha biyar ce. Mavis ma ta taɓa tsoma baki sau ɗaya. Mai dafa abinci ce a makarantar firamare, ta san yadda yaron da ya cika ciki yake gudu a fili. A 1954, suna amare, ta ce, "Wilf, anya ba cika musu ciki kake yi ba?" Ya yi kwana tara yana amsa mata magana da ka. Daga nan ta kama bakinta, ta shuka kabeji a gefen ɗakin tsuntsayen, ta bar shi da Tudunsa.

Haka Asabar ke ƙarewa kullum. A taru a ɗakin ƙungiya da yamma, a buɗe agogo, a karanto sunaye daga sama zuwa ƙasa. In an zo kan kurar baya sai ɗakin ya yi tsit, kowa ya juyo. Wilf ya kurɓi lemonsa, don shi ba ya shan giya, ya ajiye kofi a hankali.

"An tsara kartar tun kafin a raba."

Sai a ɗau tafi da shewa, a tashi. Ba a jin an yi tsere sai ya faɗa. Kofin tseren Faransa, wanda ya fi kowane daraja, ya kwana a gidan Ossie sau goma sha ɗaya. Wilf bai taɓa ko shafa shi ba, amma ya riga ya zaɓa masa wuri a kan kantar falo, kusa da hoton aurensu, kuma Mavis tana goge wurin duk sati ba ta ɗora komai.

Kowace shekara yana rubuta wa majalisar gari takarda a canja masa fili. A farkon 1989 sai ga amsa. Za a fitar da sabon titi ta bayan Tudu, filinsa yana kan hanya, saboda haka an ba shi wani a kudu, katanga ɗaya da Ossie, a ƙarshen layi inda shinge ya raba su da sauran. Wilf ya karanta takardar sau uku yana neman inda aka ɓoye zaluncin. Bai samu ba, ranar bai iya cin abinci ba.

Aka tayar da sabon ɗaki. Ya kulle tsuntsayen makonni, sannan ya riƙa sakinsu da yunwa yana kaɗa gwangwani, har suka saba da sabon gida. Ranar farko da ya auna musu tsaba a can, Mavis tana tsaye, ta ga ya rufe gwangwani.

"Yau ba danƙi?"

"Na me? Ina Tudun? Ni ba na son kai, 'yar tsohuwa. Yanzu daidai suke da na kowa, abin kowa za su ci."

Mavis ta buɗe baki, ta tuna 1954, ta rufe.

Tseren farko na shekarar ya zo na tara. Na biyu ya zo na bakwai. Kafin Yuni ya ƙare ya taɓa na huɗu, Kansila kuma ya zube ya zama wani saurayi, har Ossie ya ce ya fasa Kirsimetin, ba nama. Wilf yana tafiya a gari kamar an ƙara masa tsawo.

"Kun gani?" yake ce wa duk wanda ya tsaya. "Wuri ne. Tun yaushe nake faɗa? Tsuntsayen nan dai su ne, ni ma ni ne. Wuri kawai aka canja."

Saura abu ɗaya. In ya ɗauki kofin Faransa a shekararsa ta farko a kudu, to an wanke shi. Ba zai zama tsohon da ya shekara talatin da takwas yana ƙorafi ba, zai zama gwanin da aka danne. A shekara sittin da uku, da irin ƙirjinsa, ya san ba shi da bazara da yawa da zai jira.

Asabar ɗin ta zo a tsakiyar Yuli, rana tas, iska daga kudu. An sako tsuntsaye ƙarfe shida na safe, mil ɗari huɗu da ɗoriya. Tun ƙarfe uku Wilf da Ossie suna tsaye kowa a ƙofar ɗakinsa, gwangwani a hannu, wuya a sama. Mavis ta ce ita ba za ta iya tsayuwar nan ba, za ta je tsohon fili ta cire sauran kabejinta kafin masu titi su bi ta kai.

Huɗu da minti goma, wani ɗigo ya ɓullo daga kudu, shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, yana tahowa kamar an harbo shi.

"Nawa ne," in ji Ossie.

"Naka a ina? Dubi kafaɗar!" in ji Wilf. Ya shiga kaɗa gwangwani. "Taho, Kansila! Taho, ɗan albarka! Taho gida!"

Kansila ya taho. Ya bi ta saman kansu har suna jin fiffikensa, ko kallon sabon ɗakin bai yi ba, ya karkata hagu ya kewaye Tudu ya ɓace. Tsuntsun da ya sha hanya irin wannan ba ya tuna gidan wata huɗu. Inda aka ƙyanƙyashe shi ya nufa.

Wilf ya ci gaba da kaɗa gwangwanin, ba ya ma sanin yana yi. Ko da ƙirjinsa zai kai shi can, ba amfani: doka ta ce sai tsuntsu ya shiga ɗakin da aka rubuta da kansa. Ya zauna a kan kwandon da ya kife. Ossie ya yi ta kallon sama, don bai san inda zai sa idonsa ba.

Ba a jima ba sai ga Mavis ta ɓullo ta bayan shinge tana haki, gashinta ya warware, jakar cefane rungume a ƙirji. Ba kabeji ko ɗaya a ciki. Kan Kansila ne ya leƙo.

"A kan tubalan ɗakin na same shi," ta ce. "Sun rushe komai, shi kuwa yana tsaye a kan bulo yana kiran mutanen gida. Ungo abinka, ƙafafuna sun mutu."

Wilf ya karɓe shi da hannu biyu. Zoben yana nan a ƙafa. Agogo yana nan a kan benci, taku biyu. Huɗu da rabi bai cika ba, kuma duk layin ba a ji wanda ya yi ihun tsuntsunsa ya sauka ba.

Ossie ya juya musu baya, ya gyara hula.

"Ni fa kudu nake kallo," ya ce. "Idona ma ya lalace. Abin da ake yi a bayana ban sani ba."

"Ossie," in ji Wilf.

"Rufe min baki ka buga agogo, tsohon banza. Tsuntsunka ya riga na kowa, ni shaida ne." Har yanzu bai juyo ba. "Kuma takardar nan ta ƙarshe ta ranar rabon fili, kawuna a tafin hannunsa ya riƙe ta sai da kowa ya ɗauka. Ya faɗa min kafin ya rasu. Minti uku-uku ya ci maka shekara talatin da takwas. Karɓi abinka."

Ashe dai an tsara kartar. Wilf ya shekara talatin da takwas yana jiran wani ya faɗi haka, ga shi an faɗa, kuma bai ji daɗin da ya zata ba. Ya zare zoben. Ya taka zuwa benci. Ya riƙe robar a bakin ramin agogo, kuma na tabbata a lokacin yana ganin wurin kofin nan da ke kan kantar falo.

Sai ya sa zoben a aljihun rigarsa.

"Ba nan ya sauka ba," ya ce. "Na gaji da faɗin an tsara min. Ba zan tsara wa wasu ba."

Wasu sun ce gaskiya ce irin ta uwarsa, kuma na yarda. Mavis ta ce har da taurin kai, ita ma na yarda da ita.

Huɗu da minti talatin da huɗu tsuntsun Ossie ya faɗo. Ossie ya cafke shi ya buga agogo fuska a murtuke, kamar wanda aka sa dole. Shi ne na ɗaya a ƙungiya. Kofi na goma sha biyu.

Da abin ya tsaya nan, da Wilf ya kwana da sauƙi. Amma Mavis mace ce mai duba agogo, aikin kicin ya koya mata.

"Huɗu da minti goma sha uku ya sauka a can," ta ce, tana murza gwiwa. "Na duba."

"To?"

"To ka lissafa mana, kai da aka ce kana da kai."

Ya lissafa. Minti ashirin da ɗaya tsakanin Kansila da tsuntsun Ossie, bayan ya zagaya Tudu ya biya minti ukunsa cif. Da tsohon ɗakin yana tsaye, da Wilf ya ci kofin a can, a arewa, a filin da ya rantse ba mahaluƙin da zai taɓa ci a cikinsa.

"Tudun dai yana nan," ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa. "Tsuntsun shi ne. To me ya canja?"

Ossie ya shige ɗakinsa, wai zai ba tsuntsu ruwa. Mavis ta dubi gwangwanin da ke kan benci, ta dubi hannun mijinta.

"Na faɗa maka a 1954," ta ce. "Kwana tara na sha. Ba zan sake saye ba."

Wilf ya buɗe tafin hannunsa na dama ya tsura masa ido. Hannu ne na mai haƙar kwal, faffaɗa, da shuɗin tabo a kan yatsu. Danƙinsa ɗaya ya kai biyun na wani.

Da yamma aka taru a ɗakin ƙungiya aka buɗe agogo. Na Wilf ba komai a ciki, don sauran tsuntsayensa da suka iso ma bai buga musu ba. Labarin jakar cefane ya riga shi isowa, amma Ossie ya ba da shi ne ba tare da lissafin Mavis ba. Da aka karanto sunan kurar baya, ɗakin ya yi tsit yadda aka saba, kowa ya juyo. Wilf ya daɗe yana juya kofin lemonsa. Mutum goma sha ɗaya suna jira, wasu tun suna samari suke jin maganar nan, ba shi da zuciyar da zai hana su.

"Ran da na ci ma ban ci ba," ya ce. "Ku ce min ba a tsara kartar ba."

Aka ɗau shewa har da buga tebur, an ce bai taɓa faɗinta da daɗi irin na ranar ba. Ossie kaɗai bai yi dariya ba.

Washegari da safe Mavis ta kai masa shayi a sabon ɗaki. Ta same shi ya gama auna tsaba daidai da ta kowa, ya rufe gwangwani ya ɗora a kan kantar bango. Kansila ya cinye nasa, ya dawo bakin takalminsa ya tsaya, ya karkata kai yana kallonsa da ido ɗaya. Wilf ya kau da fuska. Ya share benci, ya canja ruwan da ya riga ya canja. Tsuntsun bai gusa ba.

Ya sauko da gwangwanin ya buɗe, ya zura hannu, ya fito da shi cike. Ya tsaya haka da danƙin a sama, ya san abin da ke cikinsa sarai, ya san kuma Mavis tana bakin ƙofa.

"Ya sha hanya," ya ce, bai juyo ba. "Kuma ya zagaya Tudu."

Ya buɗe hannun.